Yadda Za Ka Kula da Batirin Wayarka a Zafin Makka da Jidda, Tun Daga Ranar da Ka Saye Ta

Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ko Madina na ɗan lokaci ya san cewa waya a ƙasar nan ta wuce abin gaisawa da 'yan'uwa kawai. A cikinta ake nuna iƙama, wato katin izinin zama a ƙasa, ta manhajar Absher, da ita ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, da ita da yawa daga cikinmu suke biyan kuɗi a baƙala, wato kantin unguwa, kuma ta nan ne kafili zai neme ka, iyalinka na Kano ko Damagaram su ji lafiyarka. Saboda haka ranar da waya ta mutu wa mutum a tsakiyar hanya, ba ƙaramar damuwa ya shiga ba. Ƙorafin da na fi ji a bakin mutanenmu, daga ɗalibai zuwa direbobi da iyayenmu mata masu aiki a gidaje, shi ne cewa waya ba ta riƙe caji alhali ko shekara ba ta cika ba. Nan da nan sai a ɗora wa kamfani laifi, ko a ce jabu aka sayar wa mutum. Hakan yana faruwa, ban musa ba, amma abin da na fi gani da idona shi ne zafi ne yake cinye batir a ƙasar nan, kuma yawancin ɓarnar ana yin ta ne a watannin farko, lokacin da batirin yake da sauran ƙarfin da zai ɓoye ta.

Abin da ya kamata ka sani game da batirin kansa

Batirin da ke cikin kusan kowace wayar zamani na litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Kafin ya yaɗu, wayoyi da yawa suna aiki ne da batirin nikel, kuma a wancan zamanin ne aka gaji shawarwarin da har yau ake maimaitawa, wato a bar sabuwar waya a jikin wuta awa takwas kafin a kunna ta, kuma kada a sa caji sai ta mutu gaba ɗaya. Waɗannan shawarwari ba su shafi batirin litiyom ba, ta biyun ma cutar da shi take yi, domin abu uku ne suke tsofar da shi da wuri: zafi, da yawan barinsa ya ƙare ƙaf, da daɗewarsa a cike taf, musamman idan cikar ta haɗu da zafi.

Ana auna yawan wutar da batir yake ɗauka da ma'aunin da ake rubutawa mAh. iPhone ta farko da ta fito a 2007 tana da kusan 1,400, alhali wayoyi masu matsakaicin farashi na yau da yawansu suna da 5,000. Duk da haka har yanzu caji ba ya wuce kwana ɗaya a hannun mai yawan amfani, saboda allon waya ya ƙara girma da haske, kuma bidiyo ya maye gurbin rubutaccen saƙo. Akwai kuma abin da ake kira zagayen caji, wato amfani da wuta daidai da cikar batir guda, ko da a rarrabe ne. Idan ka ci kashi 50 yau ka cika, gobe ka sake cin kashi 50, zagaye ɗaya ke nan ka yi, ba biyu ba. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuwa bayan zagaye 1,000, a yanayin da ya dace. Wannan sharaɗi na yanayin da ya dace shi ne inda muke shan wahala, domin ba a tsakar ranar Makka aka yi gwajin ba.

Mataki na farko: ranar da ka sayi wayar

Kada ka bar shago ba tare da fatura ba, kuma ka tabbatar lambar shaidar na'urar da ke jikin kwali ita ce a jikin faturar. Ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci ta tanadi garantin shekara biyu ga sababbin na'urori, wanda 'yan shago suke kira daman, kuma akwai lambar 1900 ta kai ƙorafi idan aka ƙi cika shi. Ka tambayi mai shago a fili ko garantin na wakilin kamfanin ne a cikin ƙasa ko na shagon kansa ne, sannan ka karanta abin da takardar ta ce game da batir, domin sau da yawa sharaɗinsa daban yake da na sauran sassan waya.

Idan ta hannu za ka saya, ka duba lafiyar batirin kafin ka miƙa kuɗi. A iPhone za ka shiga saiti, ka buɗe sashen batir, sannan lafiyar batir, inda za ka ga adadi cikin ɗari; wannan sashe ya zo ne tun 2018. Abin da ya yi ƙasa da 80 yana nufin kuɗin sabon batir yana jiranka, sai ka cire shi daga farashi. A wayoyin Samsung akwai gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members. Kowace iri ce, ka ɗora ta a kan tebur mai shafe ka ga ko tana zaune daidai, ka kuma duba gefenta ko allon ko murfin baya ya ɗan ɗaga. Duk wayar da ta ɗaga, komai arahar ta, ka bar wa mai ita.

Sabuwar waya takan fito daga kwali da caji kusan rabi, kuma da gangan ake yin haka domin a wannan matsayi batir ya fi jure ajiya. Kana iya kunna ta nan take. Ka dai yi aikin kwashe hotuna da saƙonni daga tsohuwar wayar a ɗaki mai sanyi, ta Wi-Fi, bayan ka cire rigar wayar.

Mataki na biyu: kada ka yanke hukunci a makon farko

A kwanaki biyu zuwa uku na farko waya tana aiki mai yawa a ɓoye. Tana sauke sababbin gyare-gyare, tana tsara hotuna, tana dawo da tsofaffin saƙonnin WhatsApp, kai kuma kana yawan taɓa ta saboda sabuwa ce. Don haka za ta ɗan yi ɗumi, caji kuma zai riƙa sauka da sauri. Haka ma yake faruwa bayan an sabunta babbar manhajar wayar. Ka ba ta mako guda, sai idan bayan haka tana zafi alhali tana ajiye ba a taɓa ta ba, sannan ka koma shago da faturarka.

Mataki na uku: raba waya da zafi

A nan ne zan fi tsayawa, domin wanda ya kiyaye wannan mataki ya yi fiye da rabin aikin. Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos, ya ce sun fi jin daɗi tsakanin 16 da 22, kuma ya yi gargaɗin cewa abin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir raguwar da ba ta dawowa. Sauran kamfanoni ma iyakarsu ba ta yi nisa da wannan ba. To, a Makka zafin rana a watannin Yuni zuwa Agusta yakan haura 40 kusan kullum, kuma a aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ma'ana, watanni da dama a kowace shekara, wayar da ke waje da rana ta riga ta wuce iyakarta tun ba a kunna komai a cikinta ba.

Wuri mafi haɗari shi ne cikin mota da aka kashe aka rufe. Na taɓa barin wata wayata a gaban gilashin mota a unguwar Aziziyya na shiga sallar Juma'a, da na fito na tarar ba ta taɓuwa saboda zafi, kuma ta ƙi kunnuwa sai da ta huce. Na ɗauka ta tsira, amma bayan 'yan makonni sai na ga murfin bayanta ya fara ɗagawa, caji kuma ba ya kai ni la'asar. Wayar ba ta cika wata bakwai ba a lokacin. Tun daga ranar ba na barin waya a mota ko na minti goma ne, har da cikin akwatin gaban kujera, domin shi ma tanda ne.

Direbobi da masu kai saƙon abinci su ne suka fi kowa wahala a wannan fanni, saboda zafi uku ne suke haɗuwa a kan wayarsu lokaci guda: ranar da ke dukanta ta gilashi, da aikin taswira da allon da ke kunne da cikakken haske, da kuma cajin mota. Idan wannan ne aikinka, ka sayi maƙalar waya irin wadda ake maƙalawa a bakin iskar esi, ka daina amfani da wadda ake mannawa a gilashi. Ka cire rigar roba mai kauri a lokacin aiki. Ka riƙa sa caji idan ta sauka zuwa kashi 30, ka zare idan ta kai 80, maimakon barinta a jone tun safe har dare. Idan ka san hanya, ka kashe allon ka bar muryar taswirar kawai.

A ɗaki kuwa matsalar ta bargo ce. Saboda sanyin esi yawancinmu da bargo muke kwana, kuma a ɗakunan da ake kwana da yawa soket yakan kasance a kan gado, sai waya ta kwana tana caji a ƙarƙashin filo ko a cikin bargo, inda zafinta ba shi da mafita. Ɗakin yana da sanyi amma wayar tana dahuwa. Ka ɗora ta a kan tayil ko tebur, kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. 'Yan'uwanmu mata da ke wuni a kicin su nisanta waya daga murhu da tanda, kada kuma a ajiye ta a bakin taga. Alhazai da masu Umara su sani cewa jakar ɗamara da ake ɗaurawa a kan harami tana haɗa ɗumin jiki da na rana, don haka ya fi kyau wayar ta kasance cikin jakar rataya a gefen da lema take yi wa inuwa.

Idan waya ta riga ta yi zafi, ka zare caji, ka cire rigarta, ka kashe allo, ka ajiye ta a inuwa inda iska take kaɗawa. Kada ka sa ta a firij, kada kuma ka ɗora mata ƙanƙara, domin sauyin gaggawa daga zafi zuwa sanyi yana tara raɓa a cikinta, musamman a Jidda inda iska take da laima. Kada ka mayar da caji sai ka taɓa bayanta ka ji ta huce. Sanyi kuwa, irin wanda ake yi a Tabuka ko a daren hunturun Madina, yana iya sa caji ya sauka da sauri, amma wannan na ɗan lokaci ne, da ta ɗumama sai ta koma daidai.

Mataki na huɗu: yadda za ka riƙa yin caji

Abin da ya fi dacewa da batirin litiyom shi ne ya riƙa zama tsakanin kashi 20 da 80. Caji kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana bai cutar da shi ba, ya ma fi masa daɗi a kan a bari ya mutu sannan a cika shi. Ba sai ka zauna kana gadin waya ba, domin kamfanoni sun sa tsarin da ke yin wannan aiki. Tun 2019 iPhone take da tsarin da yake lura da lokacin da ka saba tashi, ya tsayar da caji a 80 cikin dare, ya ƙarasa gab da tashinka, kuma daga iPhone 15 kana iya kafa iyaka a 80 kai tsaye. Samsung ma tana da tsarin kare batir a cikin saitin batir, wanda yake tsayar da caji a 85 ko 80 gwargwadon sabuntar wayar. Ka bincika sashen batir na taka, ko Redmi ce ko Tecno ko Infinix, ka ga ko tana da irinsa.

Akwai wani abu da na lura da shi game da tsarin da ke koyon lokacin barci. Yana aiki sosai ga wanda yake kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, amma ga mai aikin dare yau gobe na rana, ko a watan Ramadan da dare yake komawa rana a ƙasar nan, ba ya gane komai. Irin wannan mutum gara ya kafa tsayayyar iyaka idan wayarsa tana da ita. Ranar da kake da buƙata ta gaske kuwa, kamar ranar Arafa ko tafiyar Madina mai nisan kusan kilomita 450, ka cika ta zuwa 100 ba tare da wata damuwa ba, domin ɗabi'ar kullum ce take tsofar da batir, ba ta kwana ɗaya ba.

Kada ka riƙa kiran bidiyo ko kallon TikTok alhali waya tana jone da caji mai sauri, domin zafin caji da na aiki ne suke haɗuwa. Cajin da ba na igiya ba shi ma ya fi kawo ɗumi, don haka a bazara na fi son igiya.

Game da cajar kanta, wadda ake kira shahin a shaguna, araha ba ta ado. Cajar da ake zubawa a bakin titi ba ta da kariyar da ke daidaita wuta, kuma alamarta ita ce kanta yakan yi zafi sosai, allon waya kuma ya riƙa taɓa kansa da kansa idan tana jone. Ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin kan caja, ka ga an rubuta 100–240V da 50/60Hz, domin wutar ƙasar nan mai 60Hz ce, kuma har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu soket ɗin ƙaramar wuta tare da na babba. Tun farkon 2025 hukuma ta wajabta bakin caji na USB-C ga sababbin wayoyin da ake sayarwa a Saudiyya, abin da ya sauƙaƙa aron igiya, sai dai ba kowace igiya ce take ɗaukar caji mai sauri ba ko da bakinta ya shiga.

Mataki na biyar: gyara saiti

Allo ne ya fi komai shan wuta. Ka kunna tsarin da ke daidaita haske da kansa, ka sa allo ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, kuma idan za ka karanta dogon saƙo a waje ka nemi inuwa, domin a cikin rana wayar tana tura haske zuwa ƙarshensa. Baƙin allo yana tsimin wuta ne kawai a wayoyi masu allon AMOLED ko OLED, inda ɗigon da yake baƙi a kashe yake. A allon LCD fitilar baya tana kunne ko yaya launin yake, don haka babu wata riba. Idan wayarka tana da zaɓin saurin sabunta hoton allo tsakanin 120Hz da 60Hz, ka mayar da ita 60 a ranar da kake buƙatar caji ya daɗe.

Daga nan ka shiga izinin sanin wuri, ka duba manhajojin da ka bai wa damar bin sawunka a kowane lokaci. Kusan dukkanmu muna da manhajar lokutan salla da alƙibla, wasu har biyu ko uku, kuma da yawansu suna tambayar GPS a kai a kai. Ka zaɓi garinka da hannu sau ɗaya, ka mayar da izinin zuwa lokacin amfani kawai, ka goge waɗanda suka yi yawa. Karatun Alƙur'ani da tafsirin da kake saurare kullum ka sauke su ta Wi-Fi, ka riƙa ji allo a kashe, maimakon buɗe bidiyo da data a kan hanya. A WhatsApp ka hana bidiyo da hotuna sauka da kansu, domin zaurukan dangi da na 'yan gari ba sa barci.

Abu biyu da ake ɗauka suna taimako, alhali ba sa yi. Na farko shi ne share duk manhajojin da ke buɗe kowane minti biyar, domin wayar ta riga ta kwantar da su, kuma tada su daga farko ya fi cin wuta. Na biyu shi ne manhajojin da ke cewa suna wanke waya ko sanyaya batir, waɗanda su kansu suke kwana suna aiki suna sauke talla. Tsarin tsimin wuta da ya zo da wayar ya wadatar, kuma ba sai ka jira ta sauka zuwa kashi 20 kafin ka kunna shi ba. Idan doguwar rana ce a gabanka, ka kunna tun daga gida.

Mataki na shida: sabis, layi biyu, da cunkoso

Idan sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfin da take kiran eriya da shi, kuma wannan yana zuƙe caji ko da tana aljihu. Shi ya sa caji yake narkewa a cikin ramukan duwatsun Makka, da ƙasan gine-gine, da wuraren da jama'a suka taru. An fara 5G a ƙasar nan tun 2019, amma a inda yake zuwa yana ɗaukewa, wayar tana wahala wajen tsalle tsakaninsa da 4G, don haka ka tsayar da ita a 4G idan ka ga haka, ko layin STC kake riƙe da shi ko Mobily ko Zain. Da yawa daga cikinmu muna barin layin gida na Nijeriya ko Nijar a cikin waya saboda saƙon banki. Wannan layi na biyu shi ma yana neman eriya dare da rana, don haka ka kashe shi a saiti, ka kunna sai lokacin da kake jiran saƙon. Raba wa wasu data daga wayarka shi ma yana ɗumama ta sosai.

A Mina da Arafa da Muzdalifa, inda fiye da mutum miliyan 1.8 suka taru a 2024, dabarar da ta fi aiki ita ce ka taɓa alamar jirgin sama ka rufe sabis, ka riƙa buɗewa a lokutan da kuka yi alkawari da iyali, misali bayan kowace salla. Ka sauke taswirar Makka a Google Maps tun kana masauki domin ta yi aiki ba data, sannan ka rubuta lambar tantinku da ta jagoran tawagarku a takarda ka sa a jaka.

Mataki na bakwai: gano matsala kafin kashe kuɗi

Idan caji yana ƙarewa da wuri, ka fara da kashe wayar ka sake kunnawa. Sannan ka buɗe sashen batir ka ga jerin abin da ya ci wuta cikin awa 24. Idan manhajar da ba ka buɗe ba ce a sama, ka taƙaita aikinta na ɓoye ko ka goge ta. Daga nan ka yi gwajin dare: ka cika wayar zuwa wani adadi da ka rubuta, ka rufe sabis da alamar jirgin sama, ka kwanta. Idan da safe ka tarar cajin ya sauka da 'yan kashi kaɗan ne kawai, batirin lafiyarsa ƙalau, matsalar ta sabis ce ko ta wata manhaja. Idan kuwa ya zube sosai, a wayar Android ka kunna ta a yanayin da masu gyara suke kira sef-mod, wanda yake kashe duk manhajojin da ka sauke da kanka, ka maimaita gwajin. In har nan ma ya zube, zargi ya koma kan batirin.

Idan wayar ba ta karɓar caji, ko sai an karkata igiya, ka bi daga mai araha zuwa mai tsada: ka sauya soket, ka sauya igiya, ka sauya kan caja, ɗaya bayan ɗaya domin ka san wanda ya yi laifi. Sannan ka haska bakin cajin da fitila. Ƙura da zaren aljihun jallabiya sukan dunƙule a ciki har su hana igiya zama. Ka kashe wayar, ka cire dattin a hankali da tsinken sakace na itace, kada ka yi amfani da allura ko fil. Na ga wayoyi da dama da aka yi niyyar kai su gyara suka warke da wannan kaɗai. Ka kuma tuna cewa waya mai zafi takan rage saurin caji ko ta tsayar da shi da kanta don kare batir, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Idan tana mutuwa a kashi 30, ko ta faɗo daga 40 zuwa 10 cikin minti kaɗan, mai yiwuwa lissafin wayar ne ya rikice. Ka yi amfani da ita har ta mutu da kanta, ka cika ta zuwa 100 ba tsayawa a wuri mai sanyi, sau ɗaya kawai. Wannan yana gyara lissafi ne, ba ya ƙara wa batir ƙarfi, kuma idan matsalar ta dawo bayan kwana biyu, batirin ya tsufa, sai sauyi.

Idan ruwa ya shiga, ko na alwala ne ko na Zamzam ko gumi, kada ka sa caji. Ka kashe ta, ka juya bakin cajin ƙasa ka ɗan bubbuga a tafin hannu, ka ajiye ta gaban fanka na tsawon yini. Binne waya cikin shinkafa ba ya busar da cikinta, ƙurar shinkafar ma tana iya shiga bakin cajin.

Kumburi kuwa ba a yi masa jinkiri. Iska ce ta taru a cikin batirin, kuma yana iya kamawa da wuta idan aka matsa shi ko aka huda shi. Duniya ta ga irin wannan haɗari a 2016 lokacin da aka janye Galaxy Note 7 daga kasuwa. Ka daina caji, ka kashe wayar, kada ka danne murfin ko ka ɗaure shi da roba, ka ajiye ta a kan tayil nesa da katifa da yara, ka kai wa ƙwararren mai gyara. Idan ta fara hayaƙi, kada ka ɗauke ta da hannu, ka fitar da mutane daga ɗakin, lambar 'yan kwana-kwana kuma ita ce 998. Wajen sauya batir ka nemi na asali, ka tambayi garantin aikin, ka bar musu tsohon domin bai kamata a jefa shi cikin shara ba.

Mataki na takwas: fawa-bank, tafiya gida, da ajiya

Fawa-bank mai 10,000 mAh ba zai cika waya mai 5,000 sau biyu ba, saboda wani ɓangare na wutar yana salwanta a wajen juya ta, kuma abin da yake isa wayar bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Shi ma batirin litiyom ne, don haka duk abin da aka faɗa game da mota da rana da bargo ya shafe shi, kuma kada ka haɗa shi da wayar a cikin rufaffiyar jaka suna caji a tsakar rana. Idan za ka hau jirgi daga Jidda ko Madina, a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000 mAh, don haka mai 20,000, wanda yake kusan 74Wh, yana cikin iyaka. Ka tabbatar rubutun ƙarfinsa bai goge ba domin jami'ai su iya karantawa, ka kuma duba ƙa'idar kamfanin jirginka kafin ranar tafiya.

Idan za ka tafi hutu gida ka bar waya ta biyu a nan, ko ka sayi sabuwa da za ka kai wa Hajiya ko Baba tsaraba bayan wasu watanni, ka bar ta da caji kusan kashi 50, ka kashe ta gaba ɗaya. Ɗakin da aka rufe aka kashe esi a bazara yana yin zafi ƙwarai, musamman a hawa na sama, don haka ka sa ta a ƙasan kabad a ɗakin da ya fi nisa da rana, ko ka bar ta amana a hannun wanda ɗakinsa yake da sanyi. Idan ajiyar za ta kai wata shida, ka roƙe shi ya kunna ta sau ɗaya ya mayar da cajin zuwa rabi, sannan ya sake kashe ta.